Likita Na Amsa: Haɗari, Karaya da Ɗori

Wani ɗan kabu-kabu daga Mirya: In haɗari ya auku, wa za mu kira?

Ku buga 18, lambar 'yan kwana-kwana. In cikin daji ne, ku nufi CSI (ƙaramin asibitin gwamnati) mafi kusa, su za su nemo ambulans. Wanda ke kukan wuya ko baya, a kwantar da shi kan katako ko ƙyaure, kada a naɗe shi bisa babur.

Wata uwa daga karkarar Tanut: Ɗana ya faɗo daga amalanke, hannu ya karye, mai ɗori ya ɗaure da kara da tsumma. Yatsun sun kumbura sun yi sanyi, ba ya barci don kuka. An ce ƙashi ne ke haɗewa.

Baiwar Allah, ba haɗewa ba ce. Sassauta ɗaurin nan yanzu, ku kama hanyar asibiti. Gaɓar da ta karye kumbura take, in aka tamke ta sai jini ya kasa kaiwa yatsu. Cikin awa 6 nama kan fara mutuwa, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa. Matsa farcensa ki saki: in jan bai dawo nan take ba, ko ya kasa motsa yatsun, ko sun soma baƙi, hannun na cikin haɗari. Na san hanya da nisa, ga kuɗin mota, ga aikin gona. Amma ku fara da asibitin gundumar Tanut, in abin ya fi ƙarfinsu za su turo ku Babban Asibitin Damagaram. Abin da ke ƙona mini rai, sai hannu ya yi wari ake kawo mana yaro, sannan a koma gari ana cewa likitoci yanke hannu kawai suka iya. Ku tashi yau, kada ku jira ranar kasuwa.

Wani manomi daga Magarya: Gatari ya sare ni a ƙafa, na zuba man birki da toka.

Haba Malam, ƙafar taka mota ce? Wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, ka je a duba a yi maka allurar tetanus. Yau, ba gobe ba.

Wata daga Gure: A ba wanda ya ji mummunan rauni ruwa?

A'a. Yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata za a yi masa. Jiƙa masa leɓe kawai, ku wuce asibiti.