Amsa ga mai tambaya kan na'urar auna yanayi da ke mutuwa da dare

Assalamu alaikum. Malam, na karanta bayaninka cewa kan na'urar da ka ɗaura a waje yana aiki lafiya da rana, amma da dare ya yi nisa sai allon da ke ɗaki ya daina nuna zafi da gudun iska, ba zai dawo ba sai hantsi, kuma ka canza batir har sau biyu ba ka ga sauyi ba. Na sha fama da irin wannan a gidana a Zariya, shi ya sa nake ba ka shawarar kada ka yi gaggawar sayen sabuwa.

Irin wannan na'ura mai batir AA guda biyu da ɗan faifan sola a ka tana shan wuta ne ta hanya uku. Da rana sola ce ke riƙe ta, tana kuma cika wata babbar kafasita da ke ciki, wato ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci. Idan rana ta faɗi kafasitar ta karɓi aiki na wasu awanni, sai ta ƙare sannan batir ya ɗauka. Saboda haka na'urar da ke rayuwa da rana, ta kai wani sashe na dare, sannan ta mutu, tana gaya maka cewa sola da kafasita suna aikinsu, wutar batir ce ba ta isa ciki.

Kafin ka kwance komai, ka fita da dare a lokacin da allon ya ɗauke, ka tsaya ƙarƙashin inda ka ɗaura na'urar na minti ɗaya. Yawancin irin waɗannan na'urori suna da 'yar fitila a ƙasa da ke ƙiftawa duk lokacin da suka aika saƙo, a wasu duk daƙiƙa 16. Idan tana ƙiftawa, wuta na nan, matsalar ta sadarwa ce, sai ka nisanta allon daga inbata da talabijin, ka kuma duba ko rufin kwano ya shiga tsakani. Idan babu ƙiftawa, to mu koma ramin da ake saka batir.

A nan ne tawa ta wahalar da ni. Sau uku ina hawa kan ƙarfen tankin ruwa ina zuba sabon batir, mitar auna wuta kuma tana nuna mini bolt 1.5 a kowanne, har na fara zargin cewa na'urar ce ta ƙone. Ranar da na sauko da ita gaba ɗaya na haska cikin ramin da tocila, sai na ga wani farin gari kamar kanwa ya daskare a kan sifirin ɗin da ke matse batir can ƙurya, inda ido ba ya kaiwa daga sama. Tsohon batir ne ya yi yoyo tun bazarar da ta wuce, ruwansa ya ci ƙarfen, sifirin ya yi laushi har ba ya matse batir. Ruwan batirin alkalin ba asid ba ne, don haka abu mai tsami ne ke kashe shi: na naɗa auduga a tsinke, na jiƙa ta da ruwan lemun tsami, na goge har garin ya daina kumfa, na bar wurin ya bushe sarai, na kankare da samfefa mai laushi, sannan na ɗan jawo sifirin ya miƙe. Daren nan allon bai ɗauke ba.

Ka kuma duba irin batirin da kake saye. Mai caji bolt 1.2 yake bayarwa, guda biyu 2.4 ke nan a maimakon 3, wasu na'urorin kuwa ba sa tashi da hakan. Batirin tocila mai arha da ake sayarwa a tebur, wanda aka yi da zink da kabon, yana iya nuna 1.5 a mita amma ya faɗi da zarar an ɗora masa aiki. Ni na koma na litiyom, ba don sanyi ba kamar yadda ake ba mutanen Turai da Amurka shawara, domin hunturunmu bai kai ya kashe alkalin ba, sai don zafin Afrilu da kan kai kusan digiri 40, wanda ke gaggauta yoyo a cikin robar da rana ke duka wuni guda.

Bayan ka gyara, ka cire batir, ka rufe faifan solar da baƙin ƙyalle, ka danna maɓallin sake saiti da ke ƙasa, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka mayar da batir alhali solar tana rufe. Idan fitilar ta kunnu a haka, ka tabbatar wutar batir ta shiga. Wannan gwajin zai hutar da kai jiran dare.

Idan daga baya ka ga batir yana ƙarewa cikin 'yan makonni, wannan wani ciwon ne daban: ko dai hazo ya lulluɓe faifan, wanda nake gogewa da ɗanyen ƙyalle duk mako biyu daga Disamba zuwa Fabrairu, ko kuma kafasitar ta tsufa, wadda mai gyaran rediyo zai iya canzawa da dalma idan ya sami mai adadin da aka rubuta a jikinta. Ka sanar da mu abin da fitilar ta yi da dare da kuma abin da ka tarar a kan sifirin, Allah Ya sa a dace.