Fitilu na kamawa amma mota ta ƙi tashi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Motata ta ƙi tashi, alhali fitilu da rediyo duk suna aiki. In na murɗa makulli sai in ji "kat-kat-kat" da sauri. Tunda akwai wuta, ai ba batir ba ne ko?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, batir ɗin nan da ka wanke shi ne abin zargi na farko. Manyan fitilun gaba guda biyu, masu wat 55 kowace, ba sa jan wutar da ta kai amfiya 10. Sitata kuwa, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, a ƙaramar mota mai fetur, tana neman amfiya 100 zuwa 200 a lokaci guda, mai dizal ma fiye da haka. Kamar waya ce mai tsohon batir: allonta na haske lafiya lau, kana buɗe kyamara sai ta mutu. Ƙarar da kake ji ta maganaɗisun da ke kan sitata ce. Yana kamawa, wuta ta faɗi, ya saki, ya sake kamawa.

Ka kunna fitilar cikin mota, ka murɗa makulli kana kallonta. In ta dushe sosai ko ta mutu, wuta ce ba ta isa. In kana da mitar auna wuta, auna batirin mota a kashe: volt 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya zube. Awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi yayin da wani ke murɗa makulli. In ya sauka ƙasa da 9.6, ko dai batirin ba caji, ko ya gaji.

Amma kafin ka sayi sabo, duba kawunan batirin. Sau da yawa nan gizo ke saƙa. Kama kowane kai da hannu ka girgiza. In ya motsa, ya kwance. In ka ga farin gari ko mai shuɗi-shuɗi ya taru a kai, shi ke toshe hanyar wuta. Cire baƙar waya (−) da farko, sannan ja (+), ka wanke da ruwa da bekin soda, ka goge da buroshin ƙarfe, ka mayar da ja kafin baƙa. Ka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, don tsatsa a wurin kaɗai na iya hana mota tashi.

In aka jona maka wuta daga wata mota ta tashi, sake aunawa injin na aiki. Ya kamata ka ga kusan volt 14. In bai wuce 12 da ɗoriya ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, kuma ko sabon batir ka saka, haka zai zube.

Tambaya: Ni tawa shiru take yi, ko ƙara babu. Mai maɓalli ce, otomatik.

Amsa: Nan umarnin ne bai kai ga sitata ba. Taka birki sosai, ka tabbatar giya na kan P. In ta ƙi, mayar da ita N ka gwada. In ta tashi a N, na'urar da ke gane matsayin giya ce ta fara lalacewa. Sai rimot: in ƙaramin batirinsa, wanda galibi CR2032 ne, ya mutu, kwamfutar mota ba za ta gane makullin ba, sai ka ga alamar makulli a dashbod. A yawancin motoci, in ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin ka danna, za ta tashi. Bayan haka a duba fiyus da rile (ƙaramin makunnin da ke tura wuta) na sitata a akwatin da ke ƙarƙashin bonet.

"Kat" guda ɗaya mai ƙarfi kuma, fitila ba ta dushe ba, wannan alamar sitatar ce kanta. Buga mata ƙarfe da wasu ke yi dabarar fita daga jeji ce kawai, ba gyara ba. Kada kuma a wahalar da mutane da turi, otomatik ba ta tashi da turi.

Tambaya: Injin na juyawa amma bai kamawa. Na'urar da ake haɗawa da waya za ta taimaka?

Amsa: Za ta taimaka, kuma a nan ne ma amfaninta yake. Ana soka ta a ramin OBD2 mai ƙofofi 16 da ke ƙasan sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja ta karanto lambar matsala. P0335, alal misali, tana nuni ga layin na'urar da ke sanar da kwamfuta juyin injin, wadda in ta mutu filogi ba ya ba da wuta. Lambar tana nuna sashen da za a bincika ne, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Wani lokaci waya ce kawai ta tsinke.

Kafin nan, murɗa makulli zuwa ON ka saurara ta wajen tanki. A yawancin motoci famfon mai na yin ɗan gurnani na kamar daƙiƙa 2. In shiru, fara da fiyus da rile ɗinsa. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. Ka ba sitata minti guda ta huce kafin ka sake.