Gishiri da hawan jini a Tibet

Tambaya: Likita, wai da gaske mutanen yankin Tibet na ƙasar Sin gishiri suke sawa a shayi, kuma shi ke jawo musu hawan jini?

Amsa: Gaskiya ne 'yar'uwa, shayinsu da gishiri da man shanun yak (wani irin sa mai dogon gashi na kan tsaunuka) ake kaɗa shi, a yini mutum sai ya sha kofi da yawa saboda sanyi, don Lhasa kanta, babban birnin Tibet, tana kan tudu kusan mita 3,650. Hawan jini ya yi yawa a can. Amma jiki ya bambanta, wani ƙodarsa ba ta fitar da gishiri da wuri, sai ruwa ya taru jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da ake ci ya kai giram 5 a rana, har da na dunƙulen miya, don Allah ki riƙa auna gishirin.