Amsa: In an riga an ƙaddara, me ya sa ake hukunta mai laifi?

Ɗan'uwa, ka tambaya in Allah ya riga ya ƙaddara komai, da wane dalili za a kama ɓarawo da laifi. Malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. 'Yan Jabariyya suka ce ɗan Adam ba shi da zaɓi ko kaɗan, Mu'utazilawa suka ce shi yake ƙirƙirar aikinsa. Imam Ash'ari, wanda ya rasu wajajen shekara ta 324 bayan Hijira, ya bi tsakiya: Allah ke halittar aikin, bawa kuma shi ya nufe shi, don haka alhakin yana kansa.

Ni dai abin da ya fi gamsar da ni, kowa yana jin sa a jikinsa. Hannun mai zazzaɓi yana karkarwa ba da sonsa ba. Mai zura hannu a aljihun wani a kasuwa kuwa, sai ya waiga hagu da dama tukuna, ya tabbata ba mai kallonsa. Shi ya sa shari'a ta ɗauke alhaki daga yaro, da mahaukaci, da mai barci. Ɓarawon nan bai san abin da aka rubuta masa ba lokacin da yake miƙa hannu, son zuciyarsa ya bi.