Wai da gaske jaridu na barin a ja labaransu a sa a manhaja?

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ɗalibi ne nan Maradi, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina koyon haɗa aplikasiyon na waya. Na ji wai manyan jaridun waje suna barin mutum ya ja labaransu ya sa cikin manhajarsa kyauta, gaskiya ne? Don ina so in yi ta labarai da Hausa.

Amsa: Lafiya lau ƙanena. Gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne yara da yawa ba sa karantawa.

Abin da suke buɗewa API ake ce mai. Za ka yi rajista a shafinsu su ba ka mabuɗi, wasu haruffa da lambobi ne dogaye, sai manhajarka ta aika da shi ta ce a ba ni labaran noma na wannan sati, kwamfutarsu ta maido amsa a tsare cikin JSON, wato tsarin rubutu da manhaja ke iya karantawa, ga kanun labari, ga rana, ga sunan marubuci, ga adireshin shafin. Ba kai za ka zauna kana kwafa da hannu ba.

BBC ta soma da nata mai suna Backstage a 2005, gidan rediyon NPR da jaridar New York Times a Amurka suka buɗe nasu a 2008, sai Guardian ta Ingila ta fito da Open Platform a watan Maris 2009. Kuma fa ba sadaka suka yi ba, lissafi ne, duk inda labarin ya je yana jawo masu karatu su dawo gidansu, talla ta ƙaru. Shi ya sa New York Times kanu da ɗan taƙaitawa take ba ka, sauran sai an je shafinta. Guardian ita tana ba da cikakken rubutu, amma mabuɗin kyautan na wanda ba kasuwanci zai yi da shi ba ne, ranar da ka ce za ka nemi kuɗɗi to sai kun zauna an yi ciniki.

Ga inda ya fi shafarka. Kai Hausa kake so, su Guardian da New York Times kuwa da Turanci suke rubutu, kuma fassara ma tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, mabuɗi bai ba ka izinin ka juya labarin mutane zuwa Hausa ka watsa ba, sai ka tambaya daban. Wasu masu lasisin Creative Commons, wato izinin da mai rubutu ke bai wa kowa ya yi amfani da aikinsa, irin su shafin labarai na Global Voices, su ne suka yarda a fassara, muddin ka faɗi mai shi ka sa adireshi.

Sannan kar ka ɗora komai kan ƙofa guda. BBC ta rufe Backstage a 2010, Twitter ta daina ba da API kyauta a 2023, kuma tun da New York Times ta maka kamfanonin OpenAI da Microsoft a kotu a Disamba 2023 kan horar da AI da labaranta, kowa ya ƙara riƙe nashi da kyau.

Ni a ganina dai abin da zai sa ɗan Maradi ya ƙona forfe ɗinsa a manhajarka ba labarin Landan ba ne. Nawa tiyar gero yau, nawa wake, naira nawa ake canjin jikka a Dan Issa, sanarwar rasuwa da ta biki, duk rediyo na karanta irin waɗannan kullum su bi iska ba wanda ya ajiye. Ka fara duba shafukan gida ko suna da RSS, wato jerin sababbin labaran shafi da manhaja ke iya ja, in da manhajar WordPress aka gina shafin ƙara /feed a ƙarshen adireshi yawanci za ka gani, ka ɗauki kanu da adireshi kawai. Daga nan ka taka da ƙafarka gidan rediyo, ka ce wa darakta za ka tsara masu sanarwoyinsu cikin tebur da sunansu a sama, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce kowa ya sa hannu. Hotuna kuma ka rage su sosai, ka san halin rezo in an fita gari.