Zuwa ga 'yata, kan motsin da kike jira

'Yata, na karanta saƙonki har sau biyu. Karatun farko na yi murmushi, na biyu kuwa sai da gabana ya ɗan faɗi. Kin ce ciki ya kai mako 18, laulayi ya tafi kamar an yi ruwa an ɗauke, wayarki ta ce lokacin jin motsi ya yi, ke kuma shiru. Shi ne kike tambayata yadda tsofaffinmu suke gane lafiyar ɗan ciki tun babu hoto, da kuma ko gaskiya ne zaman ciki yana nuna namiji ne ko mace.

Abin da ya sa ni murmushi shi ne lissafin mako. Mu wata muke ƙirgawa, shi ma ɗin a zuci. Abin da ya faɗar mini da gaba kuwa, ƙarfe biyun dare kika turo saƙon, kin kasa barci, kin tambayi waya kin tambayi goggo, amma ban ji kin ambaci ungozomar da take duba ki ba.

Kwantar da hankalinki tukuna. Motsi yakan fara tsakanin mako 16 da mako 24, kuma mai cikin fari ta fi jinkirin gane shi, don ba ta san abin da take saurare ba. Wata kuma mabiyiya ce take zama ta gaban mahaifa, ta tare bugun kamar matashin kai. Ni sai cikin wata na biyar na ji nawa. Ina kishingiɗe bayan la'asar, sai wani abu ya yi wulƙawa a ƙasan cibiyata kamar ƙaramin kifi, har na ɗauka iska ce. Kakata, wadda ba ki riska ba, cewa take yi ɗan ciki baƙo ne mai kunya, sai gida ya yi tsit yake gyaran murya. Amma in kin cika mako 24 ba ki ji komai ba, wannan kam ba na jira ba ne, ki je a saurari bugun zuciyarsa.

Waɗannan watannin, daga na huɗu zuwa na shida, su ne na sararawa. Ƙarfi yakan dawo, ci yakan buɗe. Za ki ga baƙin layi ya sauko daga cibiya, wataƙila fuska ta ɗan yi duhu, dasashi ya riƙa jini in kina wanke baki. Mara za ta riƙa suka ta gefe in kin miƙe da sauri, jijiyar sharaɓa ta ɗaure cikin dare, ga ƙwannafi, ga jiri. Duk mun ga wannan. Wajen mako 20 saman mahaifa yake kaiwa daidai cibiya, kuma a lokacin yaron bai wuce giram 300 ba, amma kunnensa ya soma ɗaukar sauti.

To, sararawar nan ita ta kusa yaudarata, kuma labarin da nake so ki ji ke nan.

Ina ƙarshen wata na shida da cikin yayanki. Kwana huɗu kaina yana sara, na ɗaure shi da ɗankwali na ci gaba da aikina. In na kalli bango sai in ga wasu 'yan ƙyalƙyali suna yawo. Ban gaya wa kowa ba, gani nake ƙorafi ragwanci ne, kuma wa zai so a ce cikin fari ya kayar da shi? Ranar ta biyar da safe na je gaishe da kakata. Ban gama durƙusawa ba ta ce in matso wajen haske. Ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, ta daɗe tana kallon fatar idona. Sannan ta kamo hannuna. Akwai wani siririn zobe da nake sawa a yatsan tsakiya, wanda da har zamewa yake in ina wanki. Ta murza shi, ya ƙi motsi, naman yatsan ya taso ta gefe da gefe ya kusa binne shi. Har yau ina jin sanyin tafin hannunta. Ta ce, "Kumburin ƙafa na kowace mai ciki ne, amma in ya hau fuska da hannu, ba a kwana da shi." Da sabulu da zare aka fitar da zoben nan, ina hawaye, ita kuma tana faɗa a nemo abin hawa. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ita ta tsaya kai da fata sai an kai ni asibiti a ranar.

Da aka ɗaura mini abin awon jini, ma'aikaciyar ta sake ɗaurawa, sannan ta fita da sauri. Jinina ya hau sosai, an kuma ga alama a fitsari. Irin hawan jinin nan ne da yake zuwa bayan mako 20, wanda in an bar shi yake kaiwa ga jijjiga. Aka kwantar da ni, aka yi ta lallaɓa cikin, yayanki ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, amma da ransa. Kwana huɗun nan da na yi shiru har gobe suna ci mini rai.

Kin ga, tsofaffin da kike tambaya a kansu ido suke sa wa mai ciki kullum, safe da yamma. Ku yanzu kowacce tana ƙule a ɗakinta da waya, babu mai kallon fuskarta da safe ya ce ta sauya. Kuna da abin da ba mu samu ba, kuna kuma wasa da shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, sai ki ji yarinya ta je awo sau biyu ta ce ai lafiyarta ƙalau. A ba ta maganin ƙarin jini, ta ga bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, ta jefa shi bayan gado, alhali jinin jikinta ƙaruwa yake da kusan rabi, dole ya nemi abin gina shi. Kada in ji kin yi haka. Ga hoton da ake yi wajen mako 20 don duba gaɓoɓin yaro, ga gwajin suga tsakanin mako 24 da 28, kada ɗaya ya wuce ki. In kuma kika ga jini, ko ruwa yana zuba, ko zazzaɓi, ko ciwo a ƙasan haƙarƙari, ko irin ciwon kan nan nawa, ki tashi mijinki ko da tsakar dare ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa ake kama masa gyara.

Batun namiji ko mace kuwa, kakata ta kalli zaman cikina na biyu ta ce mace ce, sai ga namiji. Da aka tuna mata, cewa ta yi ita lafiya take dubawa, sauran na Allah ne. Mako biyu ya rage miki ki kai ga hoton nan, in kina son sani ki tambayi mai yin sa. Ki cire zobenki ki adana tun yanzu, kuma ranar da kika ji wulƙawar nan, ko ƙarfe nawa ne, ki kira ni.