Kafin ka zuba kuɗin adashe a sabuwar talabijin, duba saitin gem ɗinka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan gem a Garwa, wajen Roumdé Adjia. Kwamfuta huɗu ce, kowace da talabijin inci 32, yara suna buga PES 2021 da GTA V, wasa ɗaya sefa 100. Kwanan nan hoto ya lalace. A biyu daga ciki 'yan ƙwallo sun koma gajeru masu faɗi, ga ci ba ya fitowa a saman allo. Ɗaya da rana ta take sai ta riƙa maƙalewa. Ta huɗun da an buɗe gem allo ya yi baƙi ƙirin. Yara sun fara komawa wurin maƙwabcina. Wani mai sayar da kaya ya ce in sayi talabijin 4K huɗu, magana ta ƙare. Watan gobe zan ɗauki adashe, sefa dubu 600. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka saya. Ciwo uku daban-daban ka lissafa mini, kuma babu ko ɗaya da sabuwar talabijin ke warkarwa. An bar jaki ne ana dukan taiki. Ban ga laifin mai kayan ba, wanda ke da talabijin a shago ai talabijin zai rubuta maka a matsayin magani.

Mu fara da lissafi, tunda kuɗi ne a tsakani. Dubu 600 a kan sefa 100 wasa dubu shida ke nan. In kowace kwamfuta tana yin wasa 15 a yini, sai ka yi kwana ɗari kana tara duk cinikin, ba ka biya haya ba, ba ka biya wuta ba, ba ka ci abinci ba, kafin kuɗin su dawo. Wannan ma in sayen zai gyara matsalar ne. To ƙara ta zai yi.

Ga dalili. Hoton da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne, kuma katin hoto na cikin kwamfuta shi ke zana kowane ɗigo, sau 60 a daƙiƙa ɗaya in ana son wasa ya tafi sumul. Saitin 1280x720 ɗigo 921,600 ne. Na 1920x1080 ya haura miliyan biyu kaɗan. Shi kuwa 4K, wato 3840x2160, ya wuce miliyan takwas, ninki huɗu cif na 1080. Katin da yake nishi da buhu ɗaya, shi za ka ɗora wa huɗu? In kuma ka rage saitin don ya iya ɗauka, ka biya kuɗin 4K kana kallon hoton da kake da shi tun farko.

Waɗancan biyun masu gajerun 'yan ƙwallo, da rimot da minti goma za ka gama da su. Talabijin ɗinka mai faɗi ce, 16:9, gem ɗin kuma yana fitar da hoton tsohon fasali na 4:3, kamar 1024x768, sai talabijin ta ja shi ta miƙar don ya cika allo. PES 2021 yana da wani ɗan fayil mai suna Settings a cikin folda ɗinsa, can ake zaɓen girman hoto, ba cikin wasan ba. Ka duba takardar da ke bayan talabijin ka nemi lambarta a intanet. Yawancin masu araha na inci 32 asalin allonsu 1366x768 ne, ko da kwali ya yi ta kirari. Ka sa Windows da gem ɗin su dace da wannan. Cin da ba ya fitowa kuma talabijin ce take zuƙo hoto ta yanke gefe. Shiga saitin fasalin hoto: a LG ana kiran abin Just Scan, a Samsung Screen Fit. Tunda ka shiga, kunna yanayin wasa, domin yana rage jinkiri tsakanin danna manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasa, da motsin ɗan ƙwallo. Yaro zai yafe maka ciyawar fili da ba ta yi kyau ba, amma ba zai yafe fanaretin da ya ɓarar saboda jinkiri ba.

Ka ce kwanan nan abin ya fara. Me ya canza? In an sake ɗora Windows, da wuya in ba direban katin hoto, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, aka manta ba. Danna maɓallin Windows da R, rubuta dxdiag, buɗe shafin allo (Display). In ka ga Microsoft Basic Display Adapter a madadin sunan katinka, direba ne babu, kuma Nvidia da AMD da Intel duk kyauta suke bayarwa a shafukansu. Sannan ka zaga bayan kwamfutar da fitilar waya. Na sha ganin yaron shago ya yi shara, ya zare wayar HDMI, ya mayar da ita a ramin sama na jikin uwar kwamfuta maimakon na ƙasa inda katin yake. Kati mai tsada yana zaune yana hutawa, mai shago yana ta zagin gem.

Mai baƙin allo an saita gem ɗin ne a girman da talabijin ba ta iya karɓa. Danna Alt da Enter tare, a gem da yawa wannan yana mayar da hoto ƙaramar taga har ka samu ka gyara. In GTA V ne ya ƙi, shiga Documents, Rockstar Games, GTA V, ka goge settings.xml. Da ka sake buɗewa zai ƙirƙiri sabo.

Wadda ta fi damuna ita ce mai maƙalewa da rana, don ita ce za ta iya cin kuɗi in ka yi sakaci. Ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta yi wata uku tana shiga fanka. Kati in ya ji zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, shi ya sa da safe lafiya lau, azahar na yi ya fara tsalle-tsalle. Sauke manhajar GPU-Z, kyauta ce, ka kalli ma'aunin zafi ana cikin wasa. In yana wuce digiri 85, kashe, zare wuta, buɗe murfi. Za ka tarar da ƙura ta daskare a haƙarƙarin ƙarfen kamar auduga. Ka riƙe fankar da yatsa lokacin da ake hura iska, a canza man sanyaya da ya bushe, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a raba shi da bango. Kuma da yake lokacin zafin ne ruwa ke ja baya a dam ɗin Lagdo da ke ba ku lantarki wuta ta riƙa wasa, regilata mai kyau, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, ta fi maka amfani a kan kowace sabuwar talabijin.

Kafin ka yanke wa wani abu hukuncin mutuwa, yi musanya. Kana da huɗu, ai gata ne. Ɗauki wayar HDMI da talabijin na mai lafiya ka haɗa wa marar lafiya. In matsala ta bi waya, kuɗin waya ne kawai. In layuka kore ko dabbare-dabbare sun bi kwamfutar tun daga kunnawa, kafin ma Windows ta buɗe, katin ne ya gaji. A nan ne kaɗai zan ce ka taɓa adashe, kuma kati ɗaya, ba huɗu ba. Katin GTX 1050 Ti, mai 4GB, da ya fito a 2016, yana ɗaukar gem ɗin nan biyu a 1080, wutar da yake ci wat 75 ce, yawancinsu ba sa neman ƙarin wayar wuta. Na hannu za ka samu, don haka kada ka miƙa ko dala sai an kunna maka GTA V a kansa na awa guda a gabanka, kuma a rubuta a rasit cewa za a karɓa in ya ba da matsala cikin mako.

Da ka gama saitin, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ka yi wa yara asusun Windows na daban wanda ba shi da ikon canza direba, kalmar sirri ta zauna a wurinka. Ragowar kuɗin ka ware na manet, don su ne ke mutuwa kullum, sai fankar sama. In bayan wata biyu yara suna layi suna jiran kujera, sake rubuto mini mu yi lissafin kwamfuta ta biyar.